Addu'ar Mai Jiran Gurbi

Aikina ya jefa ni cikin wata tambaya da nake ganin ta wuce filin jirgi: idan samunka ba zai zo ba sai wani ya rasa, me za ka roƙi Allah?

Ni ma'aikacin cikin jirgi ne a Amurka, cikin masu tarbar fasinja da raba abinci da kula da ƙofofin gaggawa. Iyalina suna Greensboro a jihar North Carolina, inda haya ke da dama-dama, ga jama'armu musamman 'yan Nijar, ga masallaci, ga masu yi wa yara Hausa. Tashar aikina kuwa New York ce. Kamfani ba ruwansa da inda kake kwana, shi dai ka bayyana a tasharka a lokacin da aka rubuta maka. Saboda haka kafin in fara aikin da ake biyana, sai na hau wani jirgin ya kai ni wurin aikin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Dubban matuƙa da ma'aikata haka suke rayuwa a ƙasar nan.

Ba ma sayen tikiti. Cikin alfarmar aikin akwai hawa jirgi kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, bisa sharaɗi guda: sai kujera ta yi rara. Sunanka zai shiga jerin masu jiran gurbi, a ƙarƙashin duk wanda ya biya kuɗinsa. A wasu kamfanonin wanda ya fi daɗewa a aiki ne ke gaba, a wasu kuma wanda ya riga yin rajista. Jiragen da ke bin hanyarmu galibi ƙanana ne, masu kujeru 76 ko ƙasa da haka, kuma ran da yanayi ya sa aka ƙara mai aka taƙaita nauyi, jirgi kan tashi da kujera ba kowa, kai kana ƙasa kana kallo. Akwai kujerar ma'aikata mai naɗewa, amma ba kowane jirgi ke da ta rara ba, masu nemanta kuma ba kai kaɗai ba ne.

Duk wannan lissafi a hannun mutum ɗaya yake ƙarewa, wato mai ƙofa. Sau da yawa mace ce ita kaɗai da kwamfuta da lasifika. Ita za ta shigar da masu keken guragu, ta karɓi kekunan jarirai, ta lallashi wanda jakarsa ta fi ƙarfin ma'ajiya, ta nema wa uwa kujera kusa da ɗanta, sannan ta rufe ƙofa a kan lokaci, don kowane jinkiri sai an rubuta wanda ya jawo shi. Idan ya rage kamar minti 15 a tashi, tana da ikon sakin kujerun waɗanda ba su zo ba, ta raba wa masu jira bisa jeri.

A waɗannan mintoci ne tambayata ke zaune. Allo ya nuna jirgi ya cika, amma mutum biyu ba su iso ba, jirgin da ya ɗauko su daga wani gari ya sauka a makare. Mu masu jira muna tsaye gefe cikin kayan aiki, kowa idonsa na kan doguwar hanyar da fasinja ke ɓullowa. Ba mai faɗa da baki, amma kowa ya san abin da zuciya ke so: kada a ga kowa ya taho a guje. Musulmin cikinmu leɓensa na motsi, Kirista ma haka. To, mece ce wannan addu'a idan aka warware ta? Ashe ba roƙo ba ne wani bawan Allah da ya biya kuɗinsa ya rasa jirginsa?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin Bahaushe ita ce rabo. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, faɗuwar wani tashin wani. In an rubuta kujerar tawa ce, tawa ce, kuma ba ni na tsayar da jirginsa ba. Wannan gaskiya ne, na kuwa yi imani da shi. Sai dai imani da ƙaddara yana magana ne a kan abin da zai auku, bai ɗauke mini hisabin abin da na so ya auku ba. Makarar mutumin ba ta hannuna, amma murnar da zan yi da makararsa tawa ce, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaura cikar imani a kan mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ni kuwa a wannan lokaci abin da nake so wa kaina shi ne ainihin abin da nake so ya kuɓuce masa.

Na kai maganar gaban kawuna a Katsina, wanda ya tsufa yana karantar da ɗalibai a zaure. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wanda ya makaran, ka san abin da za shi yi?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "Ta yiwu jana'izar uwarsa za shi. Kai buƙatarka isa wurin aiki ce, ba kujerarsa ba. Ka roƙi isa, ka bar wa Allah zaɓen hanya. Wanda ya tsara wa Ubangiji ta inda zai ba shi, ya ƙuntata abin da yake yalwatacce."

Aikin kansa ya gaskata mini maganarsa. Mafi yawan kujerun da muke samu ba su cuci kowa ba. Wani ya sauya ranar tafiya tun jiya, wani ya samu jirgin da ya riga wannan tashi, wani an ɗaga shi zuwa kujerun gaba ya bar tasa, wata rana ma a sauya jirgin da wanda ya fi shi girma. Tsoro ne ke rufe wa mai jira ido har ya ga hanya ɗaya tak, wato asarar wani.

Wannan tsoron ne kuma ke ɓata mu'amalarmu da mai ƙofa. Na ga abokan aiki da suka mayar da ita abar tsoro da fadanci, na kuma ga waɗanda suka mayar da ita maƙiyiya, suna tsaye a kanta suna ƙirga mata kujeru, in ta jira fasinja minti ɗaya su ce mugunta ce. Kuskurensu ɗaya ne, sun ɗauka ita ke bayarwa, ita ke hanawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin: mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa, sarki ya rubuta masa takardar afuwa, shi kuwa ya koma yana gode wa alƙalami da tawada. Wanda ya gane wannan ba zai durƙusa wa mai ƙofa ba, ba zai kuma tsane ta ba.

Amma ita ba alƙalami ba ce zalla, mutum ce mai riƙe da amana, kuma amanarta ita ce jerin nan. Kujerar rara alfarma ce gare ni, ba haƙƙi ba. Matsayina a jeri kuwa haƙƙi ne, kamar yadda na wanda ke gabana yake haƙƙinsa. Shi ya sa nake taka-tsantsan da wata al'ada da ta yaɗu a tsakaninmu, ta miƙa wa mai ƙofa cakulan ko katin sayen kofi tun kafin a fara rabon kujeru. Da yawa da zuciya ɗaya suke yi, don sun san wahalar aikinta. Sai dai Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka ya dawo ya ware wasu kaya ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta biyo shi. Kyautar da ke zuwa wa mutum saboda ikon da ke hannunsa, kafin ya yi hukunci, tana da nauyi a kan mai bayarwa da mai karɓa. Ni sai ƙofa ta rufu, na samu ko ban samu ba, sannan in yi mata godiya, in akwai abin bayarwa in bayar. Gaisuwa kuwa da faɗin suna sau ɗaya da komawa gefe a bar ta ta yi aikinta, wannan ladabi ne da ba ya jiran sakamako.

Duniya ta ga inda tunanin "isata ta fi kujerarsa" ke kaiwa. Ran 9 ga Afrilu 2017 a filin jirgin O'Hare na Chicago, bayan fasinjoji sun gama shiga jirgin United Express mai lamba 3411 zuwa Louisville, aka ce sai mutum huɗu sun sauka don a ba ma'aikata huɗu da kamfani da kansa ya tura. Wani likita mai shekara 69, David Dao, ya ƙi tashi, jami'an tsaron filin suka ja shi a ƙasa, hancinsa ya karye, haƙora biyu suka fita. Waɗancan ma'aikata ba masu jiran gurbi ba ne irina, ba kuma su suka ba da umarnin ba. Amma abin da aka yi da hannu a ranar, shi ne zuciyar mai jira ke yi a ɓoye idan ta daina ganin fasinja a matsayin mutum mai uzuri, ta koma ganinsa a matsayin abin da ya tare mata wuri.

Ta yaya mutum zai tsare zuciyarsa daga nan? Abin da na fahimta shi ne ba a bakin ƙofa ake gyara addu'ar ba, tun a gida ake gyara ta. Kowa ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Mun saba fahimtarsa a kan kada raƙumi ya ɓata. Ni ina ganin ɗaurin yana tsare har da zuciyar mai raƙumin. Wanda ya bar wa kansa jirgi na ƙarshe kawai, ya kai kansa inda dole ya so wani ya makara. Wanda ya fito da wuri, da jirgi biyu ko uku a bayansa, ko ya kwana a ɗakin haɗaka da ma'aikata ke kamawa kusa da filin jirgi, shi ne zai ga mai gudu ya iso ya ce masa barka har cikin ransa. A kamfanoni da yawa ma yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta tanadi cewa wanda ya gwada jirage biyu da za su kai shi a kan lokaci bai samu ba, ba za a hukunta shi ba, sai dai ya rasa kuɗin wannan tafiya.

Fitowa da wuri tana da wani dalili da ya fi wannan nauyi. A daren 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 daga Newark zuwa Buffalo ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora babban dalilin a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da gargaɗi ya zo, ta kuma ce da alama gajiya ta shafi matuƙan. Mataimakiyar matuƙin cikin dare ta taho daga Seattle a jiragen kaya, ta sauya jirgi a Memphis. Cikin matuƙan kamfanin 137 da ke Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa. Daga Janairun 2014 doka ta wajabta wa matuƙa hutun aƙalla awa 10 kafin aiki, amma ba ta bin mutum ta ga a ina ya kwana. Wannan tsakaninsa da Allah ne, rayukan mutane kuma na wuyansa.

Na san akwai wanda zai ce wannan maganar mai hali ce. Sabon ma'aikaci da ke ƙasan jeri, albashinsa kaɗan, ana iya kiransa aiki kowane lokaci, kowane daren da ya fito da wuri dare ne da ya ƙwace daga 'ya'yansa. Ga ranakun guguwa da ake soke jirage, shirin kowa ya rushe. Gaskiya ne, kuma ba na ganin Allah zai kama bawa a kan abin da ya ɗarsu a ransa cikin matsi. Abin kamawa shi ne abin da ya zaunar, ya mayar roƙo. Ko a irin wannan rana yana da ikon cewa: Allah ka isar da ni, ka isar da shi. In kujerar ta zo ta hanyar makarar wani, ya shiga, halal ce gare shi, amma ya yi wa mai ita addu'ar sauƙi, don a daidai lokacin akwai wanda ke tsaye gaban rufaffiyar ƙofa da damuwarsa.

Wanda bai taɓa hawa jirgi ba ma ya san wannan tsayuwa. Mataimaki yana jiran kujerar shugabansa, ɗan sarki yana jiran sarauta, mai shago yana kallon cinikin maƙwabcinsa, ɗalibi yana jiran wani ya fasa karɓar gurbin karatu. Duka halal suke nema, duka kuma suna iya lalata neman da fatan sharri ga wanda ke gaba. Abin da ya wajaba a kanmu ɗaya ne: mu yi tanadin da zai rage mana buƙatar faɗuwar wani, mu bar mai riƙe da jeri ya yi adalcinsa ba tare da fadanci ko tsangwama ba, sannan mu roƙi Allah buƙatarmu ba tare da mun sa sunan kowa a cikin asara ba.