RUWA YANA BAYANSU

Mai karatu, ka san hamada, ko ka ji labarinta a bakin masu zuwa Bilma. Ga abin da ya faru a hamadar Libiya.

Ran 4 ga Afrilu 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani jirgin bom na Amurka mai suna Lady Be Good ya tashi daga Libiya zuwa Italiya da mutum 9. Da suna komowa cikin dare, sai suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka nausa kudu wajen kilomita 700. Mai ya ƙare, suka diro da laima. Ɗaya ya mutu nan take. Sauran 8 suka nufi arewa, suna tsammani teku tana kusa. Da ɗan ruwan gora guda suka yi tafiyar fiye da kilomita 100. Ba wanda ya tsira.

Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin. Ashe ya faɗi kilomita 26 kaɗai kudu da inda suka sauka, da ruwa a ciki, da abinci, da rediyo mai aiki!

Mutanen nan ba ragwaye ba ne. Sun yi iyakar ƙoƙari, amma kowane taki yana ƙara nisanta su da ruwan.

Kai fa, aboki? Wataƙila kana fama da ayyukan kirki domin ka sami gafarar zunubi, zuciyarka kuwa tana nan da ƙishinta. Yesu Almasihu ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi. Shi ne ya kira mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha (Yohanna 7:37). Ka tuba, wato ka juyo, ka roƙe shi yau. In kana da tambaya, nemi wanda ya ba ka wannan takarda.