FATA KO LEDA? HUKUNCIN KIRAN HAJA DA SUNAN DA BA NATA BA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya sayo wata babbar mota irin ta alfarma daga cikin waɗanda ake shigowa da su bayan an yi amfani da su a Turai. Dillali ya rantse masa cewa kujerunta fata ce tsantsa, ya kuwa ƙara kuɗi masu kauri saboda wannan magana. Ba a yi wata huɗu ba zafin bazara ya sa gefen kujerar direba ya fara ɓarewa, sai ga zare ya bayyana a ƙarƙashi. Da ya kai wa mai ɗinkin kujeru, sai ya ce masa, "Alhaji, tsakiyar ce kaɗai fata, sauran duk roba ce." Ya zo mini ransa a ɓace yana tambaya, "Malam, cutata aka yi, ko kuwa haka kasuwa ta gada?" Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na wannan mako.

Da farko ya kamata mu san cewa fatar da ake lulluɓe kujerun mota da ita hawa-hawa ce. Galibi ta shanu ce. Mafi daraja ita ce wadda aka jeme aka bar fuskarta yadda Allah ya halicce ta, ba a kankare ba. Irin wannan ba ta iya ɓoye kome, domin duk inda kaska ta ciji saniya ko ƙaya ta karce ta, tabon yana nan. Shi ya sa masu ƙera Rolls-Royce suke neman fatun bijimai daga wurare masu sanyi na Turai, inda ƙwari masu cizo ba su da yawa, kuma ba a killace shanu da waya mai ƙaya. Mai bi mata ita ce wadda aka goge fuskarta har tabo ya ɓace, aka shafe da fenti, sa'an nan aka danna mata zane da inji don ta yi kama da ta farko. Akwai kuma ɓarin ciki, watau idan an tsaga ƙirgi biyu saboda kaurinsa, sai a lulluɓe na ƙasan da roba. Ta ƙarshe ita ce guntayen fata da ake niƙawa a cuɗa da danƙo a shimfiɗa kamar tabarma.

Bayan waɗannan akwai abin da bai taɓa jikin dabba ba sam. Kamfanin Mercedes yana da nasa da yake kira MB-Tex da Artico, kuma bai ɓoye cewa haɗin masana'anta ne ba. Haka Alcantara, mai laushi kamar cikin fata, wanda wani masani ɗan Japan ya ƙago, ake kuma yin sa a Italiya tun shekarun 1970. Mu kanmu Hausawa harshenmu ya adana labarin wannan rikiɗa. Kalmar nan "leda" daga Turanci muka aro ta, kuma asalinta fata take nufi, amma yau da ita muke kiran jakar da ake ƙulla gishiri a ciki. Saboda haka idan dillali ya ce "kujerar leda ce", mai saye ya ji fata, shi kuwa yana da ƙofar gudu.

To, shin goge tabo da shafa fenti algushu ne? A'a. Gyaran haja sana'a ce halal. Majemi da ke jiƙa fata da bagaruwa ai sauya mata kama yake yi, kuma ba wanda ya ce ya yi laifi. Hasali ma fatar da aka shafe ta fi jure rana da gumi da ɓarnar yara, robar nan kuwa sau da yawa takan daɗe fiye da fata ta gaske. Mai iyali da yawa yana iya zaɓen ta da saninsa, ya kuma yi dabara. Laifin yana faɗowa ne a lokacin da aka kira na ƙasa da sunan na sama don a karɓi kuɗin na sama.

Shari'a ta yi bayanin wannan filla-filla. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa, sai ya tsawata masa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Ku lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba, ɓoyewar aka hana. Haka kuma an hana barin dabba kwanaki ba tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, aka kuma ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa. Daga nan malaman fiƙihu suka tabbatar cewa wanda ya sayi haja bisa wata siffa da aka sharɗanta masa, ya tarar babu ita, yana da haƙƙin warware ciniki. Don haka na ce wa maƙwabcina, idan dillalin ya san gaskiya ya ɓoye, ya yi ha'inci kuma ya ɗauki zunubi, balle ga rantsuwa a kai. Idan bai sani ba, ya yi ganganci da ya tabbatar da abin da bai bincika ba, kuma haƙƙin mai saye yana nan.

Wani zai ce, ai 'yan kasuwa kullum suna yi wa kayansu kirari. Gaskiya ne, amma kirari daban, labari daban. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Chrysler na Amurka ya riƙa tallar kujerun motocinsa da sunan fatar Korinti, wani tsohon birni na ƙasar Girka, alhali a Amurka aka jeme ta. Masu talla ne suka zaɓi sunan saboda daɗin ji. Mu ma mun ga yadda suna ke shafe asali, domin fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetare Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka san ta da fatar Maroko. Ma'aunin dai shi ne: in magana ta sa mai saye ya ƙudurta abin da ba shi ne ba, kuma a kansa ya biya, ta fita daga kirari ta shiga ƙarya.

Akwai wani dalilin da ya sa Musulmi ke bukatar sanin gaskiyar abin da yake zaune a kai. A mazhabarmu ta Malikiyya, mashahurin zance shi ne fatar mushe idan an jeme ta ana amfani da ita a busassun abubuwa, amma ba a salla a kanta, alhali Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin jima tana tsarkake ta, ban da ta alade, Shafi'iyya kuma suka ƙara da ta kare. Roba kuwa wannan magana ba ta shafe ta ba. Ka ga ke nan wanda ya yi ƙarya a kan suna har fatawar malami yake gurɓatawa.

Sai dai fa mai saye shi ma ya binciki zuciyarsa. Me ya sa kalma ɗaya ta buɗe masa aljihu? A motocin attajiran Turai na farkon ƙarni na 20, direba ne ke zama kan fata, domin shi ke shan ruwa da ƙura a gaba, maigida kuwa yana baya bisa lallausan ulu. Motar Century ta kamfanin Toyota, wadda aka fara ƙerawa a 1967 don manyan mutanen Japan, da kujerun ulu ta yi suna. Ashe abin da muke ɗauka alamar girma, jiya shimfiɗar bara ce. Musulunci bai hana mai hali jin daɗin abin hawa mai kyau da ya samu ta halal ba. Amma wanda ya sayi kujera don a ce, shi ne ya fi sauƙin damfara, domin suna yake nema, suna kuwa ba ya tsada a bakin dillali.

Saboda haka ina kira ga masu sayar da motoci da dillalai da masu ɗinkin kujeru, ku faɗi haja yadda take: nan fata, nan roba, nan an sake lulluɓewa. Wataƙila ciniki ɗaya ya kuɓuce muku yau, amma albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, kuma wanda aka gaya wa gaskiya shi ke kawo ɗan'uwansa gobe. Ku kuma masu saye, ku tambaya a fili gaban shaidu, ku tafi da wanda ya san sana'ar kafin ku biya.

Maƙwabcina ya koma wurin dillalin tare da dattawa biyu, aka yi sulhu aka rage masa wani abu. Allah ya tsare mu daga cin haram, ya sa cikinmu ya yi daidai da wajenmu. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.