Kafin Ka Zuba Kifi a Tankin Gilashi

Ɗana, na ga sha'awar kiwon ƙananan kifaye da jatan lande a tankin gilashi mai shuke-shuke ta kama ka. Ba laifi, amma ka sani duk wani rai da ka tsare a gilashi amana ce a wuyanka, domin ba shi da wurin gudu idan ruwa ya ɓaci.

Abu na farko shi ne haƙuri. Kada ka cika tanki yau ka zuba kifi gobe. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a matacin ruwa da cikin tsakuwa, su ke sarrafa ta zuwa abin da shuke-shuke ke sha. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6 ana jefa musu ɗan abincin kifi kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka fara da shuka. Anubias, wanda ake nema har Turai da Japan, asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ciki har da kudancin Najeriya da Kamaru. Ba ya son haske mai yawa. Ɗaure shi za ka yi a jikin dutse ko itace. In ka binne gindinsa, ruɓewa zai yi.

Jan jatan lande ɗan asalin Taiwan ya fi kifi rauni. Maganin kifi mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe yana kashe shi. Haka ma maganin sauro na fesawa, don haka kada a fesa shi a ɗakin da tankin yake. Ruwan famfo kuma sai ka cire masa kulorin tukuna. Duk mako ka canja kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan tankin kawai, domin sauyin ruwa na farat ɗaya yakan halaka su, musamman lokacin da suke saɓa.

Ka kula da zafi. Jatan landen sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26, alhali bazararmu tana haura 40. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, ga kuma ɗauke wuta. Ajiye tankin nesa da taga, ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir.

Kada tausayi ya sa ka cika su da abinci. Abin da za su cinye cikin minti 2 ya wadatar. Kuma kada ka haɗa su da babban kifi, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne.

In ka san ba za ka iya wannan ɗawainiya kullum ba, bar su a wurin mai sayarwa. In kuwa ka ɗauka, to ka riƙe da gaskiya. Allah ya yi maka albarka.