Agogo Mai Hannu Ɗaya: Nakasasshe Ne Ko Mai Gaskiya?

Ya kai mai karatu, dubi agogon da ke hannunka ko na maƙwabcinka. Yana da gajeren hannu mai nuna awa, da dogo mai nuna minti. To, ka san an yi zamanin da agogo hannu ɗaya gare shi tak?

A ƙasar Ingila, tun wajen shekara ta 1600, maƙera suna ƙera agogon tagulla mai kama da fitila. Ana rataye shi a bango, da ƙararrawa bisa kansa. Hannunsa ɗaya ne, na awa. Yau akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin agogo, suna sayensu da tsada.

Karanta shi ba wuya. Hannun yana kewaye fuskar agogo sau ɗaya cikin awa 12. Tsakanin lamba da lamba an raba wuri kashi 4, kowane kashi minti 15 ne. In hannu ya tsaya tsakiyar 3 da 4, ƙarfe 3 da rabi ke nan. In ya wuce 3 da kashi ɗaya, ƙarfe 3 da minti 15. Kamar inuwar sanda ce da ake duba don sanin azahar da la'asar.

Me ya hana su sa hannu na biyu? Ba rashin gwaninta ba ne. Agogon lokacin yakan yi sauri ko jinkiri na wajen minti 15 kowace rana. Wanda ke kuskuren minti 15, yaya zai ce maka yanzu ƙarfe 3 da minti 7? Sai a shekara ta 1656 wani masani ɗan ƙasar Holan, Kiristiyan Hoigens, ya ƙago agogo mai ɗan nauyi yana lilo. Kuskure ya ragu ƙwarai. Daga nan ne hannun minti ya fara yaɗuwa.

Ga abin tunani. Agogo mai hannu ɗaya yana faɗin abin da ya sani, ya yi shiru a kan sauran. Mutum nawa ke iya haka?

Kai da ka fara karatu, nan gaba kaɗan za a kawo maka takarda. Wata wasiƙa ce daga ɗan ci-rani, wata ta maganin likita, wata ta awon gyaɗa. In ka gane rabi, ka cike rabi da ka don kada a raina ka, ka sa wa kanka hannun ƙarya. Yaro na iya shan magani fiye da kima. Manomi na iya hasarar kuɗinsa.

Wani zai ce: ai ƙaramin sani ƙuƙumi ne, gara a yi shiru ɗungum. A'a. Hannu ɗayan nan ya isa ya tashi mutane aiki shekara da shekaru. Karanta abin da ka iya. Inda ka tsaya, ka ce: nan na tsaya, mu je wurin malam.

Daga baya an sauya wa da yawa daga cikin tsofaffin agogon nan kayan ciki, aka ƙara wa wasu hannu na biyu. Masu tara agogo sun fi daraja wanda aka bari yadda maƙerinsa ya yi shi. Kai ma ranar da aka miƙo maka takarda, ka tuna da wannan.