Shin Wanda Ya Sake Tufafi Ya Sake Hali?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata gardama da ta daɗe a zaurukan Sakkwato. In ɗan ƙasarmu ya tafi neman ilmi ƙasar sanyi, ya ajiye riga da rawani, ya sa kwat da safa, shin ya yar da asalinsa ke nan, ko kuwa hankali ya yi? Mu dai muna ganin ba a yanke wannan hukunci sai an san irin sanyin da ake magana a kansa.

Mu nan mun san hunturu. Iska ta taso, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, tsofaffi su kewaye wuta da asuba. Amma kafin hantsi rana ta fito, kowa ya yar da mayafi. Ba mu taɓa wayar gari mun tarar da ruwan randa ya daskare ba.

To, a 1945 aka aika da malamai na farko daga Arewa zuwa Jami'ar London su ƙaro ilmin koyarwa, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu, shi ne kuwa ya faɗa cikin sanyin da Ingila ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Tun daga ƙarshen Janairu 1947 har tsakiyar Maris dusar ƙanƙara take zuba. Jiragen ƙasa suka maƙale, tarin kwal ya daskare a inda aka jibge shi, masana'antu suka rufe, aka riƙa ɗauke wa gidaje lantarki awa 5 kowace rana. Burodi ma sai da kati ake sayensa. Ku gaya mana, babbar riga mai buɗaɗɗen gefe, wadda kakanninmu suka yanka don iska ta ratsa, me za ta tsinana wa mutum a nan?

Masu zargi suna da hujja, ba mu raina ta ba. Suna cewa daga ƙanƙanen abu ake farawa: yau tufafi, gobe gaisuwa, jibi kunya. Gaskiya ne, akwai wanda yake komowa gida yana fama da kwat ɗin ulu cikin zafin bazara, gumi na tsiyaya, don dai a ce ya je Turai. Amma wannan ba sanyi ya sa shi ba, son a sani ne, kuma da shi ya tafi tun daga gida.

Wani abin mamaki, littattafan da masu zargin suka karanta sun riga su hango wannan al'amari. Risala, wadda almajiran Sakkwato ke sha a gaban malamansu, a Ƙairawan aka wallafa ta, ƙasar da ta san ɗari, kuma a cikinta akwai babin shafa a kan huffi. Yaro yakan haddace shi bai ga amfaninsa ba, don takalminsa fade ne. Sai ran da ya tsaya alwala a London cikin Disamba babin zai yi masa magana.

A nan ne ma jarrabawar take. A wannan wata rana ba ta fitowa can sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 kuwa ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba sai su taru cikin kamar awa 4, duk a lokacin darasi. Babu ladan, babu maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa, babu wanda zai sani in an bari ta wuce. Wanda ya kiyaye su a haka, ko da kwat uku ya jibga, mu ba mu ga abin da ya yar ba. Malam Abubakar kuwa ya komo a 1946, kuma cikin riga da hula duniya ta san shi har rasuwarsa a 1966.