Gaisuwa ga Masu Ɗaure Rodi da Masu Jan Waya

Wanda ya taso daga Dugabau zai shiga birni, in ya hau titin Gwarzo, kafin ya kai Rijiyar Zaki zai wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A cikin harabar akwai fili guda da aka shimfiɗe da farantan sola layi-layi, tashar wuta mai ƙarfin megawat 7.1 da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe a watan Satumba na 2019. An yi jawabai, an ɗauki hotuna, kowa ya watse. To amma kafin ranar akwai wanda ya haƙa ramukan ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, akwai wanda ya kwaɓa kankare, akwai wanda ya durƙusa a rana yana ɗaure noti har tafin hannunsa ya yi kanta. Da su nake magana yau, da 'yan'uwansu da ke Zungeru da Kainji, da samarinmu na Kabo da Gwarzo da Ƙaraye waɗanda kan ɗaure kaya bayan an kai amfanin gona gida su tafi neman aikin lebura a inda ake manyan gine-gine. Sannunku da aiki.

Aikin da kuke yi ya fi ƙarfin gari ɗaya, ya ma fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Tun farko haka wutar Arewa ta zo. Da aka fara gina madatsar Kainji a 1964, kamfanin Italiya ne ya karɓi kwangilar, kuɗin kuma bashi ne daga Bankin Duniya da wasu ƙasashe, amma dubban hannuwan da suka fasa dutse suka ɗauki kwanon kankare na 'yan ƙasa ne. Mutanen tsohuwar Bussa sun bar gidajensu da kaburburan iyayensu ruwa ya shanye, aka gina musu sabon gari. Aka gama aiki a 1968. Daga 1976 wutar nan ta fara bin waya ta Birnin Kebbi har Yamai, daga baya wani layin ya tashi daga Katsina ya shiga Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Kogin Kwara kuwa sai ya ratsa Gini da Mali da Nijar kafin ya iso mana. Ruwa na gangarowa daga wurinsu, wuta na komawa daga wurinmu.

Mun ga abin da ke faruwa idan wannan zumunci ya tsinke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ƙasar da a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga nan yake zuwa, kuma ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Waɗanda suka sha wahalar su ne tela a Maraɗi, da mai sayar da ƙanƙara a Damagaram, da majinyaci a kan gadon asibiti, mutanen da muke yare ɗaya da su, muke auratayya da su. A ganina an yi kuskure a nan, domin wutar talaka bai kamata ta zama bulalar siyasa ba. Shugabanni kan saɓa su shirya. Ku kuwa turakun da kuka kafa suna nan tsaye, su ne suka jira har aka sake kunnawa.

Ku dubi Zungeru. An aza harsashi a 2013 a kan kogin Kaduna, kamfanonin Sin guda biyu, Sinohydro da CNEEC, suka yi aikin, mafi yawan kuɗin kuma rance ne daga bankin Exim na Sin. Injuna huɗu, kowanne megawat 175, jimilla 700. Shekara goma aka kwashe. Wanda ya san zubin kankare a babban aiki ya san ba wasa ba ne: in aka fara ba a tsayawa, domin in na ƙasa ya daskare kafin na sama ya sauka, an bar gaɓar da ruwa zai bi wata rana. Shi ya sa za ka ga an kunna fitilu ana aiki cikin dare, tifa na shiga tana fita, mai injin girgiza kankare ya nutsa cikin takalman roba har ƙwauri, jikinsa duk yana kaɗawa. Ga foman Basine a gefe, ba ya jin Hausa, kai ba ka jin Sinanci, amma ya ɗaga yatsa biyu ka gane rodi nawa yake nufi, ka girgiza kai ya gane awon bai yi daidai ba, ya dawo ya sake dubawa ya ga gaskiyarka. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Abuja da Bejin, a wannan daren ne take zama gaskiya, a tsakanin mutum biyu da gumi ya jiƙa.

Baƙin nan ma sun cancanci a gaishe su. Mutum ya bar matarsa da 'ya'yansa a wata uwa duniya, ya zo ya zauna a sansani cikin zafin da bai saba ba, ga sauro, ga zazzaɓi, ga fargabar 'yan bindiga. A Lambar Rimi ta jihar Katsina, inda aka kafa fankokin iska 37 don samar da megawat 10, an sace injiniya Bafaranshe Francis Collomp a watan Disamba na 2012, aka kashe 'yan ƙasa biyu a harin. Wata 11 yana tsare kafin ya kuɓuta a Zariya. A farkon 2022 an kai wa ma'aikatan layin Zungeru hari, aka yi asarar rayuka, aka tafi da Sinawa. Duk da haka an ƙarasa aikin Zungeru. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, Ya ba iyalansu haƙuri. Baƙon da ya tsaya tare da mu a irin wannan hali, haƙƙinsa ne mu kare shi, haƙƙinmu ne kuma a kansa ya koya mana abin da ya sani, ya biya mu a kan lokaci, ya daraja mu.

Ga inda nake so ku saurare ni da kyau, ƙannena. Kwangila tana da ranar ƙarewa. Baƙo zai naɗe taswirarsa ya hau jirgi, injin kuwa zai zauna a nan shekara hamsin yana neman mai kula da shi. Kada ka shiga wurin aiki da kwanon kankare a ka, ka fito bayan shekara uku da kwanon nan dai. Ka buɗe ido. In an tura ka riƙe wa mai walda ƙarfe, ka lura da yadda yake karkata hannu, da yadda yake kankare dattin ɗinki da guduma ya duba ko akwai rami. In kana kusa da mai awo, ka tambaye shi me lambobin nan ke nufi. Ka roƙi direban katafila ya bar ka ka duba masa mai da giris da safe. Wani zai kore ka, wani zai yi maka tsawa, ka dawo gobe. Mai nema yana tare da samu. In hannunka ya faɗa, ka je ka yi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ka karɓi takardar shaida, domin gwanin da ba shi da takarda kullum kuɗin lebura ake ba shi.

Kuma ku kula da rayukanku. Hular kwano ba ado ba ce. Kada zafi ya sa ka cire ta, kada gaggawa ta sa ka hau turken wuta ba ka ɗaura ɗamarar tsaro ba, kada ka yi walda da ido tsirara don gilashi ya fashe. Ka nemi a ba ka wani, haƙƙinka ne. In an riƙe muku albashi ku haɗa kai ku yi magana da murya ɗaya, cikin ladabi, ba tare da ɓarna ba. Mahaifiyarka a Dugabau ta fi bukatar ganinka da ƙafafunka biyu a kan duk abin da za ka aiko mata.

Gida ma yana jiranku. Ƙasarmu ta yamma ƙasar madatsu ce tun zamanin Audu Bako: ga Guzuguzu, ga Magaga, ga babbar madatsar Challawa a Ƙaraye da aka gama a 1992. An fara aikin samar da lantarki a Tiga da Challawa a zangon Kwankwaso na biyu, sannan a watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Manomin rani da kuɗin fetur ya hana shi ban-ruwa yana neman mai haɗa masa famfon sola. Mai injin niƙa, da ƙaramin asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a firji, da makarantar dare, duk suna neman wanda ya iya. A watan Oktoba na 2024, lokacin da ɓarayi da maɓarnata suka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage kuma ya faɗi, Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu. Injiniyoyi da masu jan waya 'yan ƙasa ne suka shiga daji suka dawo da wutar. Irinsu muke so su yawaita a cikinmu.

Don haka duk wanda ya dawo gida da Sallah da sana'a a hannu, kada ya koma shi kaɗai, ya ɗauki yaro ɗaya daga unguwarsu ya koya masa. Iyaye ku sa musu albarka ku bar su su tafi. Masu unguwanni da dagatai ku tsare mana turaku da taransfoma, ku tona asirin mai sayen wayar sata. Ku kuma da ke bakin aiki a daren nan, Allah Ya tsare ku, Ya yi wa guminku albarka, Ya dawo mana da ku lafiya.