Haƙƙin Akuya a kan Mai Ita

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, in kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, da yawa daga cikinmu sukan nufi kasuwar Tasawa ko ta Mayahi su jawo akuya. Wannan abu ne mai kyau. Jar akuyar Maraɗi, wadda hukuma ta buɗe wa cibiyar kiwo tun 1963, dukiya ce: cikinta wata 5 ne, tana yawan haihuwar tagwaye, nononta yana raya yara, fatarta ta yi suna har Turai. Amma muna tambaya: shin ya halatta mutum ya riƙe igiyar dabbar da bai tanadar mata abinci ba?

Ana cewa akuya ita ke ciyar da kanta. Wannan magana ta zamanin da daji yake da faɗi ce. Yau daga Tasawa har Gulbin Kaba gona ta haɗe da gona, burtali ya tsuke. Akuyar da aka kora waje da safe ba ta rasa ɗayan biyu: ko ta ci leda a juji ta rame har ta mutu, ko ta ci na maƙwabci.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ga son ran mai dabba ba. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi kuwa a sayar da ita, kuma ba a tatsar nono har a cutar da ɗanta. Ku dubi nauyin hukuncin nan: shari'ar da ta tsare dukiyar mutum, ita ce ta yarda a raba shi da ita saboda yunwar dabba. Mun kuma san hadisin matar da ta shiga wuta don kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Sai haƙƙin maƙwabci. Suratul Anbiya ta ba mu labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan bisashen da suka faɗa wa shuka da dare. Risala ta ce ɓarnar dare tana wuyan masu dabbobi, ta rana kuwa babu ramuwa. Wasu sun riƙe wannan rabin na biyu tamkar ba su karanta komai ba sai shi. To, masu sharhi sun ce sauƙin na wanda ya kai dabbarsa makiyaya ne, nesa da gonaki. Wanda ya sake ta a bakin waken mutane ba makiyayi, zai biya, ko da rana tsaka ce.

Shiri kuwa tun kaka ake yinsa, lokacin da harawa take da araha: turke da inuwa, harawar wake da ta gyaɗa a bisa rumfa, ƴaƴan gawo, dusa da kanwa, da kai ta allurar rigakafi in ma'aikatan kiwo sun zo. A ƙirga dami nawa zai kai ta daga watan Maris zuwa saukar ruwa. Waɗanda suka ga 2005 da 2010 sun san yadda ake sayar da ramammiyar dabba a wulaƙance.

Wani zai ce: to, gwauruwar da ba ta da gona, a hana ta kiwo ke nan? A'a, ita ta fi kowa bukatar akuya. Sai dai nauyin yana komawa kan mai bayarwa. Wanda zai ba ta akuya, sadaka ce ko kiwon rabo, ya haɗa mata da harawar da za ta fid da ita bazara, ko ya bar ta ta kwashi ta gonarsa, ko kuwa ya jinkirta kyautar har ciyawa ta fito.